Wa Ya Auna Duwatsun Jado?

Ƴan uwana ɗalibai, magana ɗaya gare ni a wannan fitowa, kuma na san ba kowa za ta yi wa daɗi ba. Mun iya cewa ƙasa tamu ce. Mun iya faɗin haka a filin taro, mun iya rubuta shi a bangon lakwal, mun iya tura shi a WhatsApp da hoton tuta. Amma ƙasar nan da muke rantsuwa da ita, fiye da rabinta da awon wani muke saninta. Taswirar tushe da ke nuna tudu da kwarin arewacin Nijar, tun daga Abzin har Jado da Mangeni, inda muka haɗa iyaka da Libiya da Aljeriya, aikin Faransawa ce, kuma ta girmi iyayen da yawa daga cikinmu. Ni dai a wurina abin kunya ne, kuma ya wuce kunya, haɗari ne.

Mu fara da girman abin, don kada a ce ina ƙara gishiri. Faɗin Nijar murabba'in kilomita 1.267.000 ne. Jihar Agadas ita kaɗai ta ɗauke fiye da rabi. Iyakarmu da Aljeriya ta kai kimanin kilomita 950, ta Libiya kuma kimanin 350. A can ƙuryar arewa maso gabas akwai tsaunin Jado, falalen dutse mai faɗi wanda ruwan da ya kwarara a zamanin da ya tsattsaga shi ya bar kwazazzabai masu zurfi. Gaba da shi akwai tsaunin Mangeni, akwai mashigar Salbado kusa da inda ƙasashen uku suka haɗu, akwai barikin Madama, akwai Tummo a bakin iyakar Libiya. A Jado akwai kufan tsofaffin garuruwa, akwai dabino, akwai zanen mutanen da a jikin duwatsu. A cikin aji mai ɗalibi ɗari a Maraɗi ko Damagaram, mutum nawa ne zai iya ɗora yatsa a kan waɗannan wurare ba tare da lalube ba? Ku gwada gobe ku gani.

Taswirar da nake nufi daban take da wadda mushe yake rataya a bango, mai launin rawaya da ɗigo takwas na manyan garuruwa. Ina nufin taswirar tudu da kwari. Ita ce mai siraran layuka masu lanƙwasa, kowane layi yana bin wuraren da tsayinsu ɗaya ne daga doron teku. Inda layukan suka matse juna, gangare ne mai tsanani, mota ba ta hawa, raƙumi ma sai da dabara. Inda suka ware, fili ne. Da su mutum yake gane ta ina kori zai kwararo in an yi ruwa, ta ina mashiga take tsakanin duwatsu biyu, ina ne za a iya fitar da hanya, ina ne mai laifi zai iya laɓewa. A kanta ake sa rijiyoyi, da hanyoyin ayari, da sunan kowane dutse.

Sai maganar ma'auni. Taswirar da ta game ƙasarmu ta 1/200.000 ce, ma'ana santimita ɗaya a takarda kilomita biyu ne a ƙasa. Kwazazzabo mai faɗin mita 100, wanda zai iya haɗiye ayarin motoci, a wannan takarda rabin milimita ne, bai kai kaurin bakin bik ba. Wanda zai yi aikin gaske, ko mai gina hanya, ko mai neman ruwa, ko mai ceton rai, ya fi buƙatar ta 1/50.000, inda santimita ɗaya yake mita 500. Kafin a rufe filin da takarda ɗaya ta 1/200.000 ta rufe, sai an zana 16 na 1/50.000. Aiki ne babba, ban musa ba. To shekara sama da 60 da samun mulkin kai, ba ta isa a fara da wuraren da suka fi tsanani ba?

Ku dubi yadda aka yi waccan tsohuwar. Cibiyar taswira ta Faransa, wato IGN, ita ta yi ta, galibi daga hotunan jirgin sama na shekarun 1950 da 1960. Jirgi yana bin layi yana ɗaukar hotuna masu hawa kan juna, a ofis a haɗa biyu-biyu a duba da madubi na musamman, sai tudu ya taso kwari ya nutse. A ƙasa kuma ƴan awo suna kafa ƴan wurare da suka tabbatar da matsayinsu ta hanyar duban taurari. Sunaye fa? Bature ya tambayi jagora ta bakin tafinta, ya rubuta abin da kunnensa ya jiyo. Mu nan kudu mun san sakamakon. Dogon Dutsi ya koma Dogondoutchi, Tasawa ta koma Tessaoua, Kance ta koma Kantché. In haka aka yi wa Hausa, wadda Turawan suka fi jin ta, ƙaƙa kuke zaton aka yi wa sunayen Tubawa da na Abzinawa a wuraren da baturen ya kwana ɗaya ya wuce?

Ko tsayin duwatsunmu sai da aka daɗe ana ruɗu a kansa. Littattafai da yawa sun jima suna cewa Girebun ne dutse mafi tsawo a Nijar, alhali tsayinsa mita 1.944 ne, Idukal-n-Tagas da ke cikin duwatsun Bagzan kuwa ya kai mita 2.022. Ƙasa guda ba ta tabbatar da inda kanta yake ba sai da wasu suka sake aunawa.

Kada kowa ya ɗauka masu awon nan don Allah suka yi. Barth ya ratsa Abzin ya shiga Agadas a 1850 yana rubuta rijiya da zango. Rundunar Furo da Lami ta bi ta Abzin ta iso Damagaram a 1899, da bindiga a hannu ɗaya da abin awo a ɗayan. Tsakanin 1906 da 1908 tawagar Tilho da ta Ingilishi suka bi daga kogin Kwara zuwa tabkin Cadi suka kafa turakun iyaka 148, waɗanda har yau su ne suka raba ɗan Maraɗi da kawunsa na Katsina. A farkon shekarun 1930 Faransa ta gina barikin Madama don ta tare Italiyawan da ke Libiya. A 1957 masu binciken ma'adinai na Faransa suka ci karo da yuraniyom a Azelik, kafin 1971 an fara fitar da shi daga Arlit. Kun ga jerin: awo ya riga bindiga isowa, ya kuma riga kamfani. Wanda ya auna ƙasa shi yake fara sanin abin da ke cikinta, mai ƙasar sai dai a ba shi labari.

Wanda yake ganin taswira kayan ado ce, ya tuna sau biyu Nijar ta tsaya gaban kotun duniya da ke birnin Lahai a kan iyaka. Na farko da Benin, a kan kogi da tsibirin Lete. Hukunci ya fito ranar 12 ga Yuli 2005, Lete ya zama namu. Amma da alƙalai suka tashi gano inda kogin ya fi zurfi don su ja layi, awon wani kamfanin Holand na tsakanin 1967 da 1970 suka fi dogara da shi. Na biyu da Burkina Faso, hukuncin 16 ga Afrilu 2013. Ƙasashen biyu da kansu suka amince tun 1987 cewa takardar gwamnan mulkin mallaka ta 1927 ita ce madogara, inda kuma ta gaza, a koma ga layin da ke kan taswirar IGN ta 1/200.000, bugun 1960. Ƙasashe biyu masu ƴanci, makomar ƙauyukansu tana rataye a alƙalamin wani ma'aikacin Faris. Bayan hukuncin, ƙauyuka 14 suka koma Burkina, 4 suka dawo Nijar. Mutane sun kwanta ƴan wata ƙasa sun tashi ƴan wata.

Wannan fa a yamma ne, inda akwai gari da gona da hakimi da za a tambaya. A arewa, inda za ka yi tafiyar yini ba ka ga ɗan adam ba, mi za mu nuna ranar da gardama ta tashi? Maƙwabciyarmu Cadi ta ga wannan ranar. Libiya ta shiga zirin Awuzu a gefen duwatsun Tibesti a 1973, aka zubar da jini, sai a 1994 kotun duniya ta mayar wa Cadi, bisa yarjejeniyar da Faransa da Libiya suka sa wa hannu a 1955. Waccan yarjejeniyar ita ce dai madogarar iyakarmu da Libiya. Da Aljeriya an yi yarjejeniyar kafa turaku a 1983, madalla. Ba ina kiran faɗa da kowa ba ne, maƙwabta ƴan uwa ne. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Dutsen da yau kowa yake ganin banza ne, ranar da aka ce akwai fetur ko zinariya a ƙarƙashinsa za ka ga masu shi sun yi yawa.

Kuma ai ranar ta riga ta zo. A 2014 aka ga zinariya a Jado, aka kuma gan ta a Cibarakaten kusa da iyakar Aljeriya. Dubban samari suka kwarara can, ƴan Nijar da ƴan Cadi da ƴan Sudan, da yawa daga unguwanninmu na nan kudu, wasu ma sun ajiye karatu suka tafi. Suka shiga ƙasar da ba su san gabas da yammacinta ba, ruwan sha ana kawo shi a mota daga nesa a sayar da tsada. Gwamnati ta rufe wurin haƙar Jado a 2017. Sojojin Aljeriya kuma sun sha kama masu haƙar da suka ƙetara musu iyaka. Yaron da ya baro Tawa da shebur, wa ya taɓa nuna masa takarda ya ce ga inda ƙasarka ta ƙare?

Akwai abin da ya fi wannan ciwo. A watan Oktoba 2013 aka tsinci gawa 92 a hamada, arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya. Yara 52, mata 33, maza 7. Mafi yawansu mutanen yankin Kance ne, namu ne, Hausawan jihar Damagaram. Motocinsu suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. Ƙasa ta yi zaman makoki na kwana uku. Taswira ba ta gyara injin mota, ba ta kuma maganin talaucin da ya fitar da su daga gida. Amma mai neman ɓatattu yana buƙatar sanin kowace ɓarauniyar hanya da direba zai iya bi, da kowace rijiya da mai ƙishirwa zai nufa, da wadda ta ƙafe da wadda ke da ruwa. A hamada, tsakanin a iske mutum da rai da a iske gawarsa, wani lokaci yini ɗaya ne.

Na san amsoshin da za a ba ni, don na sha jin su a fada wajen shan shayi.

Na farko zai ɗaga wayarsa ya ce, haba kamarad, wane zamani kake, ga Google Maps. To buɗe ta ka matsa zuwa Mangeni. Za ka ga hoto mai kyau, launin ƙasa-ƙasa, babu suna, babu rijiya, babu hanya. Hoton sama ba ya gaya maka ko rijiyar nan ruwanta na gishiri ne, ko gaba nawa za ka zura guga, ko a wane wata take ƙafewa. Ba ya gaya maka yashin nan yana ɗaukar mota ko yana haɗiye ta. Ba ya nuna inda aka binne nakiya lokacin tawaye. Sannan a can babu rezo, kuma kamfanin ba namu ba ne, ranar da ya ga dama ya rufe, ko ya ja layin iyaka inda ya so. Kayan aro ba ya rufe katara.

Na biyu zai ce Tubawa da Abzinawa sun san wurin kamar tafin hannunsu, mi za a yi da takarda? Gaskiya ne sun sani, kuma sun fi kowace takarda sani. Madugun da yake jan ayarin gishiri daga Abzin ya ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma, da taurari da launin yashi yake karatu. Batubo yana da suna ga kowane kwari, shi ya sa kuke ganin "enneri" da "emi" a taswira, wato kwari da dutse a harshensu. Wannan ai hujjata ce. Ilimin yana kan tsofaffi, tsofaffin suna tafiya, jikokinsu kuma sun koma katkat da na'urar nuna wuri. In ba a zauna da su an rubuta ba, da sunansu a jikin aikin da kuma ladan wahalarsu, za a wayi gari sunan da bature ya karkace shi kaɗai ya rage. Kuma alƙalin Lahai ba ya karɓar "kakana ya ce". Takarda yake tambaya.

Na uku, mai murtuke fuska, zai ce sirrin tsaro ne, in aka buga taswira ƴan ta'adda da masu fasa-ƙwauri za su amfana. Yo su da suke bin mashigar Salbado dare da rana, da wayar Thuraya da jagororinsu, jiran taswirarmu suke yi? Sojan Faransa sun zauna a Madama daga 2014 zuwa 2019. Amurkawa sun yi shekaru suna tada jirage marasa matuƙi daga Agadas kafin su fita a 2024. Tun zamanin yaƙin cacar baka Rasha da Amurka kowace ta zana wa sojanta taswirar yankin nan. To daga wa ake ɓoye sirrin? Daga ɗalibin Nijar, da likitan dabbobi, da magajin gari, da mai haƙa rijiya. Ba wanda ya ce a zana inda sojanmu suke kwana. Amma dutse da kori da rijiya, ɓoye su ga ɗan ƙasa makantar da kai ne.

Na huɗu shi ne mai hujja mafi nauyi. Zai ce ana fama da tsadar hatsi, burs ba ta fitowa kan lokaci, asibiti babu magani, kai kana zancen zanen duwatsu. Na ji, ni ma cikin wannan rana nake. Amma abin da ya ci wa Faransa jirage da shekaru, yau rabinsa kyauta ne. A watan Fabrairu 2000 kumbon Amurka mai suna Endeba ya yi kwana 11 yana auna tudu da kwarin mafi yawan duniya da rada, kuma tun 2014 aka saki awon Afirka mai tazarar mita 30 ga duk mai so. Taurarin ɗan adam na Turai masu suna Sentinel-2 suna ɗaukar hoton ƙasarmu duk kwana biyar, suna rarrabe abu mai faɗin mita 10, ba a biyan ko dala. QGIS, manhajar da ake zana taswira da ita, kyauta ce, tana tashi a kan tsohuwar kwamfuta. Abin da ya rage shi ne wanda ba a saukewa daga intanet: mutum ya taka da ƙafarsa, ya tabbatar, ya tambayi suna, ya zura igiya a rijiya. Wannan kuwa kuɗinsa bai kai na wasu bukukuwan da muke gani ana yi ba. Kuma rijiyar burtsatse ɗaya da aka haƙa a inda babu ruwa, ko hanya ɗaya da kori ya cinye saboda ba a san ta nan yake bi ba, asararta ta isa ta biya aikin awo mai yawa.

Yanzu bari in juyo kanmu, don ba manya kaɗai ke da laifi ba. Mu ɗalibai mun mai da jeyografi wurin da ake jefa wanda ya rasa gurbi. In yaro ya ce shi awon ƙasa zai karanta, sai a ce ashe mai raba fuloti za ka zama. A wani aji da na zauna, takardar tudu da kwari ɗaya aka ba mu, mu fiye da 80, kwafin kwafin kwafi, har layukan tsayin sun narke sun zama toka. Muka haddace ma'anarsu, muka ci jarrabawa, ba wanda ya ɗaga murya. In abincin kantin ya lalace, kafin azahar mun fito zanga-zanga. A kan wannan kuwa shiru. Lokacin memwar kuma kowa ya zaɓi kasuwar unguwarsu, don kada ya yi nisa da tuwon gida. Arewa a bakinmu wurin yuraniyom ne da tawaye, kamar ba mutane a can. Wanda bai san wuri ba, ba zai ji zafinsa ba, ko da kullum yana rera taken ƙasa.

Ga abin da nake nema, kuma ban ga wanda ya fi ƙarfinmu a ciki ba. A ba cibiyar taswira ta ƙasa, IGNN, da hukumar kula da iyakoki kuɗi da kayan aiki na gaske, a ɗauke su da muhimmancin da ake ɗaukar bariki. A fara sabon awo na 1/50.000 daga wuraren da rai da dukiya suka fi bi: hanyar Dirku zuwa Madama da Tummo, kewayen Jado, hanyar Arlit zuwa Assamaka, da yankin Cibarakaten. Kowace tawagar awo ta tafi da mutanen wurin a matsayin ma'aikata masu albashi, a rubuta sunaye yadda masu su suke faɗi. A yi rajistar rijiyoyi, da zurfinsu da ɗanɗanon ruwansu da lokacin ƙafewarsu, a riƙa sabunta ta. Sannan a buga, a sayar da araha, a kai kowane lise. Ga jami'ar Agadas da aka kafa a 2014 a bakin ƙofar wurin, ga cibiyar AGRHYMET a Yamai tun 1974 tana aiki da hotunan tauraron ɗan adam. Masu ilimin suna nan, haɗa su ne ba a yi ba.

Mu kuma kada mu zauna jiran minista. Duk wanda yake da kwamfuta a cikinmu ya sauke QGIS ya koya, ya koya wa na kusa da shi. OpenStreetMap a buɗe take, kowa yana iya ƙara hanya da rijiya da suna. Mu fara da garuruwanmu don hannu ya faɗa, mu gyara sunayen da aka karkatar. Abokan karatunmu ƴan Bilma da Iferwan da Shirfa suna tare da mu a ɗakunan kwana, mu zauna da su, in sun tafi hutu su tambayo tsofaffinsu. Ƙungiyoyinmu na ɗalibai su sa maganar taswira a jerin buƙatunsu, kusa da burs da kantin. Masu shirin memwar, ko mutum biyar a kowace shekara, su dubi arewa.

An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu namu ɗakin, baƙon da ya kwana ya tafi shi ya bar mana zanen rufin, kuma har yau da shi muke neman inda ruwa ke zuba. Duk wanda zai sake ce mini ƙasa tamu ce, na yarda da shi ɗari bisa ɗari, amma zan miƙa masa fensir da farar takarda in ce ya nuna mini Mangeni.